Da Wane Mudu Ake Auna Cin Zali? Ƙoƙarin Masanan Biyetnam Na Ƙidaya Ɗaliban Da Ake Tozartawa Ta Intanet

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san kafin a shiga maganar kuɗi sai an fara daidaitawa kan mudu. In mudun mai saye ya sha bamban da na mai sayarwa, to ko da su duka biyu masu gaskiya ne, ba za a rabu lafiya ba. Irin wannan matsala ce ta sha kan masana ilmin halayyar ɗan Adam a ƙasar Biyetnam, waɗanda suka ɗaura ɗamarar gano yawan ɗaliban jami'a da ake ci wa zali ta hanyar intanet. Kowa ya yarda cutar tana nan. Abin da ya yi wuyar daidaitawa shi ne yawanta, domin kuwa kowane mai bincike da irin mudun da ya riƙo.

Bari mu fara da alkaluma guda biyu. A shekarar 2019 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya ji ra'ayin matasa fiye da 170,000 masu shekara 13 zuwa 24 a ƙasashe 30, har da Nijeriya da Gana. A Biyetnam kashi 21 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce an taɓa cin zalinsu ta intanet. Shekara guda bayan haka, a 2020, kamfanin Microsoft ya fito da nasa binciken, jaridun ƙasar kuwa suka yi ta yayata cewa kashi 51 cikin 100 na masu amfani da intanet a Biyetnam abin ya shafe su. Mai karatu da ke cikin hanzari zai ɗauka cutar ta ninka har ta wuce a cikin shekara ɗaya. Amma in ya natsu zai tarar kashi 51 ɗin ya haɗa da wanda aka yi wa da wanda ya tsaya kallo. Waɗanda suka ce su aka yi wa, a binciken na Microsoft ma, kashi 21 ne. Ashe hatsin ɗaya ne, mudu ne ya bambanta.

Ƙasa mai waya a hannu

Biyetnam ta haɗu da intanet ran 19 ga Nuwamba 1997. A 2023 yawan jama'arta ya kai miliyan 100, kuma fiye da miliyan 70 daga cikinsu suna amfani da intanet, galibi ta wayar hannu. Ban da Facebook da YouTube da TikTok, suna da manhajarsu ta gida mai suna Zalo, wadda kamfanin VNG ya fito da ita a 2012. Da ita ake aika saƙo tsakanin iyali, da ita kuma ajujuwa da yawa suke kafa zaurukan da malami zai ba da sanarwa, ɗalibai su yi musayar darasi.

Ɗaliban jami'a a ƙasar sun haura miliyan 2, a jami'o'i fiye da 200. Da yawansu sun baro ƙauyuka ne zuwa Hanoi ko birnin Ho Ci Min ko Da Nang ko Hue, suna zaune a ɗakunan kwanan makaranta ko ɗakunan haya, nesa da iyaye. Sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a farkon 2020, aka kuma sake rufewa na tsawon watanni a 2021, sai aji ɗungum ya koma cikin waya. Saboda haka ɗalibin da aka tasa a gaba a zauren ajinsu ba shi da damar ya ce zai kashe waya ya huta, domin a nan jadawalin jarrabawarsa yake.

Inda aka samo mudun farko

Auna cin zali ya girmi intanet. Wanda ya aza harsashinsa shi ne Dan Olweus, haifaffen Suwidin da ya yi aikinsa a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, ya rasu a 2020. Tun farkon shekarun 1970 yake nazarin yadda yara ke gallaza wa juna a makaranta. A 1982 wasu yara maza uku a Norwe suka kashe kansu, aka danganta abin da tsangwamar 'yan'uwansu ɗalibai, sai gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da gangami a 1983, aka raba wa ɗalibai dubbai takardar tambayoyin da Olweus ya tsara.

Olweus ya kafa sharuɗɗa uku kafin a kira abu cin zali. Na farko, ya zama da gangan aka yi don a cutar. Na biyu, ya zama ana maimaitawa. Na uku, ya zama mai yi ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ta yadda ba ya iya kare kansa. Faɗan 'yan aji biyu masu ƙarfi ɗaya bai shiga ciki ba, haka nan zagi na rana ɗaya. A takardarsa, sai ɗalibi ya ce ana yi masa abin sau biyu ko uku a wata, ko fiye, kafin a lasafta shi cikin waɗanda ake zalunta.

Da wayar hannu ta yaɗu, sai masana irin su Peter Smith na Ingila, da Sameer Hinduja da Justin Patchin na Amurka, suka ɗauko waɗannan sharuɗɗa suka gwada su a kan intanet. Nan take aka ga biyu daga cikinsu suna tangal-tangal. A ɗauki maimaitawa. In wani ya sa hoton wata ɗaliba sau ɗaya tak da kalaman ɓatanci, mutum dubu biyar suka yaɗa shi, sau ɗaya aka yi mata ko sau dubu biyar? A ɗauki fifikon ƙarfi kuma. A filin makaranta ana ganinsa da ido, amma a intanet ƙarfin yana iya zama ɓoye suna, ko yawan mabiya, ko mallakar wani hoto da mai shi ba ya so a gani. Shi kansa Olweus ya rubuta a 2012 cewa ana zuzuta yawan cin zali ta intanet, kuma yawancin waɗanda ake yi wa ta waya su ne dai ake yi wa ido da ido. Wasu masanan ba su yarda da shi ba. Wannan gardama ce masu bincike na Biyetnam suka gada.

Tambaya ɗaya ko jerin tambayoyi

Hanyoyin tambaya iri biyu ne. Ta farko ita ce a tambayi ɗalibi kai tsaye ko an taɓa cin zalinsa ta intanet. Ta biyu kuwa ba a ambaton kalmar cin zali sam, sai a jera masa ayyuka: an taɓa aiko maka saƙon zagi? An taɓa yaɗa hotonka ba da izninka ba? An taɓa buɗe shafi da sunanka? An taɓa fitar da kai daga zaure da gangan? A gaban kowace tambaya akwai matakai, daga "bai taɓa faruwa ba" zuwa "kusan kullum", sai a tara makin.

Abin da aka sha gani a ƙasashe daban-daban shi ne hanya ta biyu takan ba da adadi mai yawa fiye da ta farko. Dalilin a fili yake. Saurayi ɗan shekara 20 yana jin nauyin ya kira kansa wanda aka fi ƙarfi, amma ba zai ji komai ba in ya amsa cewa an taɓa aiko masa da zagi. Sai dai ita ma hanya ta biyu tana da nata aibi, domin in aka ce duk wanda ya amsa tambaya ɗaya da "sau ɗaya" ya shiga lissafi, to za a haɗa wanda abokinsa ya yi wa gatse jiya da wadda aka shafe wata uku ana farauta.

Sa'an nan ga batun tsawon lokaci. Hinduja da Patchin sukan tambayi abin da ya faru cikin kwana 30 da suka wuce. Wasu sukan ce wata shida, wasu shekara, wasu kuma tsawon rayuwa. Wanda ya shimfiɗa babbar taru dole ya fi kama kifi. Don haka kafin a gwama binciken da aka yi a Hanoi da wanda aka yi a Hue, tilas a duba ko tarunsu ɗaya ce.

Na ƙarshe shi ne su wa aka tambaya. Binciken UNICEF ta saƙon waya aka yi shi, kuma wanda ya ga dama ne ya amsa. Yawancin binciken jami'o'i kuwa, malami ne yake raba takarda ga ajujuwan da hannunsa ya kai. In akasarin masu amsawa mata ne 'yan kwalejin horon malamai, bai halatta a ɗauki sakamakon a ɗora wa ɗaliban injiniya na wani birni ba.

Harshe yana da nasa sharaɗi

Yawancin takardun tambayoyin nan da Turanci aka rubuta su, don yaran Turai da Amurka. Mai da su harshen Biyetnam ya wuce canja kalma da kalma. Kalmar da suke amfani da ita ita ce "bắt nạt", wadda a kunnen mutane da yawa take kawo hoton ƙaton yaro yana ƙwace abincin ƙarami. Ɗalibin jami'a yana iya ganin ya girmi wannan kalma, alhali abin da ake nufi yana faruwa da shi.

Su kansu matasan suna da nasu sunaye. Suna cewa "ném đá", watau jifa da duwatsu, sa'ad da taron mutanen da ba su san juna ba suka yi wa mutum ɗaya caa da zagi. Suna cewa "bóc phốt", watau tone asirin mutum a bainar jama'a, sau da yawa da hoton hirar da aka yi da shi a asirce. Mai cika baki daga bayan waya kuwa suna kiransa "anh hùng bàn phím", jarumin allon rubutu. Har wa yau jami'o'i da yawa suna da shafukan Facebook da ɗalibai ke gudanarwa, inda mutum zai aika magana a buga ba tare da sunansa ba. An yi su don raha da bayyana soyayya, amma a nan ne kuma akan siffanta wata ɗaliba har kowa a sashenta ya gane ta. Marubuci Đặng Hoàng Giang ya yi littafi sukutum a 2017 kan wannan ɗabi'a ta kunyata mutane a intanet. Takardar da ba ta tambayi waɗannan abubuwa ba ta bar rabin hatsin a ƙasa.

Akwai kuma wata matsala mai zurfi. A harshen Biyetnam, yadda za ka ce "ni" da "kai" ya danganta da shekaru da matsayi. Ƙarami yakan kira babba "anh" in namiji ne, ko "chị" in mace ce, ya kira kansa "em". Akwai kuma "tao" da "mày", waɗanda tsakanin aminai alamar shaƙuwa ce, amma in baƙo ya faɗa maka su, ko ƙarami ya faɗa wa babba, cin mutunci ne tsantsa. Kalma ɗaya ke nan, ma'ana biyu, kamar dai yadda maganar da taubashi zai faɗa a yi dariya take zama faɗa in ta fito daga bakin bare. Tambayar da ta ce "an taɓa yi maka magana mai kaushi?" ba za ta iya rarrabe su ba, sai an ƙara tambayar ko maganar ta ɓata maka rai. Haka nan gori tsakanin mutanen arewa da na tsakiya da na kudancin ƙasar, kan karin harshe da asali, abu ne da takardar Amurka ba ta san da shi ba.

Yadda ake gwada mudu

To yaya ake tabbatar da ingancin ma'auni? Matakin farko shi ne fassara mai komowa, dabarar da Richard Brislin ya bayyana a 1970. Mutum ɗaya zai juya takardar daga Turanci zuwa harshen Biyetnam, wani daban wanda bai ga ta asali ba ya mai da ita Turanci, sa'an nan a aza su gefe da gefe. Duk inda suka saɓa, nan ne ma'ana ta zube. Daga nan sai a ba ɗalibai kaɗan su karanta, su faɗi abin da suka fahimta da kowace tambaya.

Mataki na biyu shi ne a ga ko tambayoyin suna tafiya tare. Ana yin haka da wani lissafi da Lee Cronbach ya fito da shi a 1951, wanda ke ba da maki har zuwa 1, kuma bisa al'ada ana son ya kai 0.7. In ya gaza, alama ce wasu tambayoyin wani abu daban suke aunawa. Akan kuma sake ba ɗalibai guda takardar bayan mako biyu ko uku. Mudun da ya ba da tiya ɗaya yau, ya ba da biyu gobe, ba a ciniki da shi.

Mataki na uku shi ne a duba ko tambayoyin suna rarrabuwa gida-gida yadda aka zata, misali na zagi a gefe ɗaya, na hotuna a gefe ɗaya, na wariya a gefe ɗaya. Na huɗu kuwa, a gwada sakamakon da wani ma'auni da aka riga aka amince da shi. In gaskiya cin zali ake aunawa, ya kamata masu maki da yawa su fi nuna alamun damuwa. Don wannan, masu bincike a Biyetnam sukan yi amfani da wata takarda mai tambayoyi 21 da aka tsara a Ostareliya don auna baƙin ciki da fargaba da gajiyar zuciya.

Abin da aka gano

Binciken farko-farko a ƙasar ya fi karkata ga 'yan makarantun sakandare. Tun 2015 Trần Văn Công na Jami'ar Ƙasa da ke Hanoi da abokan aikinsa suke wallafa nazari kan cin zali ta intanet tsakanin waɗannan yara da yadda suke tunkararsa. Ɗaliban jami'a sun shigo daga baya. A 2020 Hồ Thị Trúc Quỳnh ta Jami'ar Hue, tare da abokan aikinta biyu na ƙasar Sin, ta wallafa nazari kan ɗaliban jami'a 606. Sun tarar da alaƙa tsakanin cin zalin da alamun ciwon baƙin ciki, kuma wani ɓangare na wannan alaƙa yana bi ta kan goyon bayan da ɗalibi yake jin yana samu daga iyali da abokai. Ma'ana, wanda aka tasa a gaba yakan ji ba shi da kowa, wannan kaɗaici kuwa yana ƙara nauyin abin.

Amma fa a lura. Irin wannan nazari hoto ne na rana ɗaya. Yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, ba ya tabbatar da wanne ya haifi wanne. Mai yiwuwa cin zali ne ya kawo baƙin ciki, mai yiwuwa kuma wanda ya riga ya raunana ne azzalumai suka fi hari, ko dukansu biyu. Warware wannan sai an bi ɗalibai guda shekara da shekaru, aikin da ke cin kuɗi da haƙuri.

Me ya sa ƙidayar take da muhimmanci

Gwamnatin Biyetnam ta yi dokoki. Kundin hukunta laifuffuka na 2015 ya tanadi hukunci kan wulaƙanta mutum da yi masa ƙazafi, ya kuma tsananta shi in ta intanet aka yi. An zartar da Dokar Tsaron Intanet a 2018, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2019. Wata doka ta 2020 ta sa tarar dong miliyan 5 zuwa 10, kimanin dala 200 zuwa 400, kan mutumin da ya yaɗa ƙarya ko ɓatanci a shafukan zumunta. Daga 25 ga Disamba 2024 kuma aka wajabta wa masu shafuka su tabbatar da kansu da lambar waya ko lambar shaidar ɗan ƙasa.

Sai dai akwai giɓi. Dokar Yara ta 2016 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 16 ba. Layin waya na 111 da aka buɗe a 2017, da shirin kare yara a intanet na 2021 zuwa 2025, duk da yara aka nufa. Ɗalibar jami'a 'yar shekara 19 ta wuce wannan inuwa. Abin da ya rage mata shi ne ta kai ƙara wurin 'yan sanda, abin da kunya da tsoron zubewar mutuncin iyali kan hana, ko ta nemi ofishin ba da shawara in makarantarta tana da shi. Ko a binciken UNICEF, kashi 75 cikin 100 na matasan Biyetnam da suka amsa ba su san inda za su nemi taimako ba.

A nan ne alkaluma suke zama abin da rayuwa ta rataya a kai. Shugaban jami'a ba zai ɗauki ma'aikacin ba da shawara ba sai an nuna masa adadi, ma'aikatar ilmi kuma ba za ta ware kuɗi ba sai ta ga takarda. In mudun ya yi ƙanƙanta, za a ce matsalar ba ta kai ta kawo ba, a bar masu ciwo da ciwonsu. In ya yi girma har aka ce rabin ɗalibai ake zalunta, to wadda ke cikin haɗari na gaske za ta ɓace a cikin taron waɗanda aka yi wa gatse kawai. Kuma ba yadda za a san ko wani shiri ya yi amfani sai an auna da mudu guda kafin a fara da bayan an gama.

Saboda haka ma'aikacin da rahoto irin wannan ya iso teburinsa, da ɗalibin da zai kafa hujja da shi a kundin digirinsa, su yi wa kowane adadi tambayoyi huɗu kafin su karɓe shi: su wa aka tambaya, me aka tambaye su, tsawon wane lokaci, kuma an gwada takardar a harshensu ko kuwa arowa aka yi? Masanan Biyetnam sun ɗauki hanya mai nisa ta sassaƙa mudunsu da kansu, tambaya bayan tambaya. Aiki ne maras armashi wanda ba ya hawa shafin farko na jarida, amma a kansa ne duk wani taimako da zai kai ga ɗalibar da ke zaune ita kaɗai a ɗakin haya, waya na ta ƙara a hannunta, zai dogara.